Tukunyar da Baba Ya Hana Yoyo

Masu karatu, ku gyara zama, yau laifina zan faɗa da bakina. Ni da nake tsayawa kullum gaban 'yan aji biyu ina ce musu duk wanda ya yi ɓarna ya ɗaga hannu ba za a doke shi ba, ni ce na yi mako guda ina satar ruwa da sirinji a gidan ubana.

Waɗanda yau suka fara zama da mu, bari in yi muku bita a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, ina koyarwa a firamare. Yayata ta daɗe da yin aure, don haka idon Mama gaba ɗaya ya dawo kaina. Ko atishawa na yi sai ta ce da a ɗakina nake, da tuni wani ya ce min sannu. To akwai mai nemana. A lambun furanni yake aiki, su ne masu kai shuke-shuke ofisoshi da otal-otal, su riƙa komawa suna dubawa. Mai Furanni na rubuta masa a wayata, haka kuma kowa yake kiransa a gidan. Mutum ne mai sanyin magana, in yana yi maka bayani sai ka ji kamar yana tsoron kada ya tashi wani daga barci.

Sai Baba. Shekara talatin da biyar yana gyaran famfo, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Injiniya ake ce masa a unguwa, Mama ma haka take kiransa. Yana ɗakinsa, rediyo na ta surutu, zai jiyo famfon kicin yana ɗiga. Da Mama ta kai masa zancen Mai Furanni, abin da ya ce bai fi a ƙirga a yatsa ba: "Ya zo Asabar ta sama in gan shi." A gidanmu kuwa, abin da Baba ya faɗa bayan wannan ganin, shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Mijin Yaya ma ya tsallake ne saboda da ya wanke hannu ya rufe famfo a hankali, bai murɗe masa wuya ba.

Saura mako biyu ranar, sai ga saƙo daga lambu a cikin kwali. Na buɗe a falo, Mama na tsaye a kaina. Ganye ne guda biyar masu kauri, sun baje kamar harsuna, a cikin wata 'yar tukunyar roba garai-garai da ake hango cikinta. Babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Gutsattsarin ɓawon itace ne cike, saiwoyi masu kauri suna ratsawa ta tsakaninsu. Jikin tukunyar da gindinta duk ramuka.

Mama ta leƙa ta sama, ta leƙa ta gefe.

"Ina furen?"

Kafin in ba ta amsa wayata ta yi ƙara. Na karanta mata a fili.

"Malama, sunansa okid. Shekara huɗu ina renonsa. Watan jiya ya gama fure, shi ya sa yau na sauya masa tukunya, na yanke saiwoyin da suka mutu, na zuba masa sabon ɓawo."

"Au," in ji Mama. "Sai da furen ya ƙare ya aiko miki. To Allah ya sa albarka. Kuma ƙasar ma rowarta ya yi, ya zuba masa makamashi."

Saƙo na biyu ya shigo, wannan ban karanta mata ba.

"Kada ki ba shi ruwa sai bayan kwana biyar, wurin yankan ya bushe tukuna. Ranar Alhamis ki tsoma tukunyar a baho minti goma sha biyar, ki ɗaga, ki bar ruwan ya tsiyaye tas. Sabon ɓawo ba ya riƙe ruwa, kada ki tsorata. In saiwa ta yi kore, ta ƙoshi. In ta koma launin toka, ƙishi take ji. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: a bar shi zaune cikin ruwa."

Na kwafe duka a bayan littafin shirin darasina, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin na ƙarshen. Na ɗora tukunyar a kan ɗan teburin da ke jikin tagar falo, inda haske ke shigowa ta labule. Kwana biyar ina wucewa ina gaishe shi, ban ba shi ko ɗigo ba.

Ranar Alhamis da na dawo daga makaranta na yi komai yadda aka ce. Na sa agogon waya. Na ɗaga tukunyar daga baho, ruwa ya yi ta zuba ta kowane rami, shaaa, sannan ya koma ɗis, ɗis, ɗis a kan tire. Ina tsugune ina murna saiwoyin sun yi kore shar, sai na ji muryar Baba daga ɗaki.

"Wa ya bar famfo?"

"Ba famfo ba ne, Baba."

Ya fito yana dafa bango. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallon tukunyar tana ɗiga. Ya sa yatsa ya taɓa rami ɗaya, ya dubi yatsan.

"Wannan ce yaron ya aiko?"

"Ita ce, Baba."

"Hmm."

Ya koma ɗaki. Da na san fassarar wannan hmm ɗin, wallahi da tukunyar na tafi makaranta washegari.

Juma'a na dawo, tun daga ƙofar gida nake jin wani abu da na manta rabon da in ji: Baba yana fito da baki. Na shiga falo. Tsohuwar jakar kayan aikinsa tana buɗe a ƙasa, ga sifana, ga tsumma, ga bindigar silikon. Ga kuma tukunyar Mai Furanni a kan tebur. Kowane rami an cike shi da farin silikon, an shafe shi sumul kamar an yi wa amarya kwalliya. An cika ta da ruwa har wuya, ɓawon yana iyo. A jikinta kuma an ja ɗan gajeren layi da jan alƙalamin maka, daidai inda ruwan ya tsaya.

"Auta, zo ki gani," in ji Baba. "Tun ƙarfe goma na cika ta. Dubi layin. Ko gashi ɗaya bai sauka ba."

"Baba, dama ramukan nan…"

"Na gan su. Goma sha huɗu ne. Ko dai cutar yaron nan aka yi a kasuwa bai lura ba, ko kuma ya lura ya ce ba komai. Asabar ta sama zan san wanne ne."

Ya ɗauki jakarsa ya wuce yana fito.

Na buɗe baki zan bi shi, Mama ta fizgo mayafina ta ja ni kicin ta turo ƙofa.

"Kul. Na ce kul."

"Mama, mutuwa zai yi. Saiwar ruɓewa take yi in ta zauna a ruwa."

"Ke wace irin shuka ce ruwa yake kashewa? Ki saurare ni. Rabon ubanki da ya taɓa jakar nan tun da likita ya zaunar da shi. Yau har ƙarin abinci ya nema. Sannan kin taɓa ganin ya gyara kayan wanda ba ya so? Maƙwabcinmu shekara nawa bututunsa yana zuba, ubanki yana wucewa yana kau da kai? Ya gyara tukunyar yaron nan, rabin magana ta ƙare. Ki je ki ce masa aikin banza ya yi, ki ga in Asabar ɗin za ta zo."

Na koma ɗaki na zauna bakin gado. Ku taya ni dubawa. In na cire silikon, na ci fuskar Baba. In na bari, na kashe renon shekara huɗu. In na faɗa wa Mai Furanni, zai shigo gidanmu yana kallon ubana a matsayin wanda ya nutsar masa da shuka. Sai na yi abin da kowace malamar kirki take hana ɗalibanta: na zaɓi hanya ta huɗu.

A akwatin taimakon gaggawa na gida akwai wani babban sirinji marar allura, na ba da maganin tari. Da sassafe, lokacin da Baba yake fita miƙe ƙafa kamar yadda likita ya ce, na zura shi ta gefen ɓawon na zuƙe ruwan kaf, na zubar a banɗaki. Na ce wa okid ya yi haƙuri, ya sha iska kafin a dawo.

Abin da ban lissafa ba shi ne jan layin nan.

Baba ya dawo ya tsaya gaban tebur. Ruwa babu. Ya ɗaga tukunyar ya shafa gindinta, a bushe. Ya shafa teburin, a bushe. Fiton ya tsaya.

"Injiniya, ai shukar ce ta shanye," in ji Mama daga bakin kicin, tana harara ta ta gefen ido.

"Ganye biyar ba sa shan kofi guda kafin gari ya waye. Akwai inda take bi."

Ya ɗauko jakar. Ya ƙara silikon a kan silikon. Ya sake cikawa har layi, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashi don ta tona asirin ɗigon.

Haka muka shiga mako. Ni in zuƙe da safe, shi ya cika da hantsi. Ranar Litinin ya naɗe gindin tukunyar da farin tef ɗin famfo. Ranar Talata ya kawo fitilar hannu da gilashin ƙara girman rubutu, ya yi awa guda yana zagaya ta. Jarida kullum a bushe. Ya daina neman ƙarin abinci. Na ji shi yana ce wa Mama, "Na gano yoyo a ƙarƙashin siminti, na gano a cikin bangon bene hawa uku. Yau kofin roba ne zai kunyata ni?"

Shi kuwa Mai Furanni kullum sai ya turo saƙo.

"Malama, ya baƙonki?"

"Lafiya lau, yana gaishe ka."

"Turo min hotonsa in gani."

Na ɗauki ganyen sama kawai, na yanke hoton daidai wuyan tukunya.

"Ma sha Allah. Saiwoyin fa? Su nake son gani."

"Wayata ba ta ɗaukar abu na kusa da kyau."

"Jiya kin turo min hoton tururuwa a kan allo."

Na ce masa an kira ni taron malamai, na ajiye wayar.

Na kira Yaya ina neman shawara, ta yi ta dariya har jaririnta ya farka. Da ta samu numfashi ta ce, "Auta, ke da Baba duk hali ɗaya ne. Shi ba ya tambaya, ke ba kya faɗa." Ta kashe wayar tana ci gaba da dariya. Shawarar ke nan.

Ranar Alhamis Baba ya fito da makaminsa na ƙarshe. Ya jiƙa bular wanki ya zuba a ruwan tukunyar, ya ce duk inda ruwan ya bi, launi zai nuna. Ya kuwa nuna. Juma'a da safe sirinjin ya tsiyaye min a hannu, yatsuna uku suka koma shuɗi. Na wanke da sabulu, na goga da soso, suka ce suna nan. A makaranta wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko ni ma biro nake taunawa. A gida kuwa ganyen ƙasa na okid ya fara rawaya, ya yi laushi kamar kunnen da aka ja.

Asabar ta zo. Mama ta sauya labulen falo ta sa na baƙi, mai ruwan madara. Ta goge tebur sau uku, ta jera kofunan da ba a taɓa sai an yi babban baƙo. Ni na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa babban mayafi, ba don kunya kaɗai ba, don in samu inda zan cusa hannun dama.

Ƙarfe huɗu da rabi ya yi sallama. Farar riga ya sa, ta sha guga har tana ƙara, ya kankare farcensa tas babu alamar ƙasa. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a gefen kafet ya gaida Baba, ya gaida Mama. Na kawo shayi da hannun hagu, Mama ta zare min ido, na yi kamar ban gani ba. Na samu gefen ƙofa na rakuɓe.

Baba bai tambaye shi aikinsa ba, bai tambaye shi danginsa ba. Ya miƙa hannu bayan kujera ya ɗauko tukunyar ya dire ta a tsakiyar tebur, a kan jarida.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ta yi ƙiba da silikon, gindinta naɗe da tef kamar ƙafar da ta karye, cikinta shuɗin ruwa har wuya. Mai Furanni ya dube ta. Ya dube ni. Ni kuma na dubi silin.

"Yaro," in ji Baba, "tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da ka sayi tukunyar nan, ka san tana yoyo?"

Mama tana bayan Baba tana yi masa alama da kai: ka ce a'a, ka ce cutarka aka yi, ka yi godiya. Ni ma a zuciyata roƙon da nake yi ke nan.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba ta yoyo lokacin da na saye ta. Ni na huda ta."

Cokalin da ke hannun Mama ya faɗi.

"Kai ka huda ta."

"Ni ne, Baba. Da ƙusa mai zafi."

"Guda goma sha huɗu."

"Na so in yi sha shida, wurin ya ƙare."

Na ce a raina shi ke nan, Auta, sai ki koma ki riƙe allonki da hannu biyu.

"Don me?" in ji Baba. Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Baba, shukar nan a daji ba a ƙasa take fitowa ba. A jikin bishiya take maƙalewa, saiwarta a waje. Ruwan sama ya dake ta ya wuce, iska ta busar da ita. Shi ya sa muke sa mata ɓawo maimakon ƙasa. Tukunyar ba don ta tara ruwa aka yi ta ba, don ya bi ta ciki ya fita ne. Kamar rariyar banɗaki, ba kamar tanki ba."

Baba ya dubi tukunyar kamar yau ya fara ganinta.

"Rariya," ya ce a hankali. "Rariya na toshe."

"An toshe ta da kyau kuwa, Baba. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba."

"Bar wannan. In rariya ce kuma na toshe ta, ina ruwan yake tafiya kullum da safe?"

Sai na tuna fuskokin 'yan ajina, na zaro hannuna daga mayafi na ɗaga shi sama, da shuɗin yatsuna da komai.

"Ni ce, Baba. Da sirinjin maganin tari."

Baba ya dubi yatsun. Ya dubi jaridar. Na runtse ido ina jiran hukunci.

"Wato ba ta taɓa yoyo ba."

"Ko sau ɗaya, Baba."

"Tun aikin farko?"

"Tun na farko."

Ya jingina da kujera ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya juya wajen Mama. "Kin ji ko? Tun na farko." Sannan ya nuna ni da yatsa. "Ke kuma zan dawo kanki. Ɗauko min jakata da injin huda."

A baranda aka yi tiyatar. Mai Furanni ya naɗe hannun farar rigarsa, ya zazzage ɓawon a kan jarida, ya wanke saiwoyin a baho. Yana matsa kowace da yatsa. Wadda ta yi baƙi ta lotse ya yanke, wadda ke da tauri ya bari. Baba yana riƙe masa fitila duk da rana ba ta faɗi ba. Aka yanke tara. Uku suka rage.

"Zai tashi?" in ji Baba.

"In ya fitar da sabuwar saiwa, ya tashi. In bai fitar ba…"

Baba ya ɓare silikon ɗinsa da hannunsa, ya ga ramukan asali, ya girgiza kai. "Dubi wannan. Wani babba, wani ƙarami, wani a karkace. Ƙusa mai zafi! Riƙe min nan." Ya auna da rula, ya ɗiga alama, ya huda sababbi a jere reras. Ya sa Mai Furanni ya maimaita masa ƙa'idar ban ruwa sau biyu, ya rubuta a bayan kwalin tef: baho, minti goma sha biyar, a tsiyaye, kore ta ƙoshi, toka ƙishi.

Mama ta kasa haƙuri. Ta matso tana murza gefen zaninta. "To Injiniya, sai a ce masa ya turo manyansa ko?"

Baba ya goge hannu da tsumma. Ya dubi Mai Furanni, wanda farar rigarsa ta zama mai zanen shuɗi.

"Yaron nan ya faɗa min gaskiya a cikin falona, alhali matata tana bayana tana kaɗa masa kai. Ina ganinki a gilashin kabad. Ba ni da ja a kansa."

Na ji kamar in yi guɗa. Mama ta riga ta ɗaga hannu sama.

"Amma amanar mutum aka kawo gidana na nutsar. Ba zan zauna da manyansa ina kallon idonsu da wannan a wuyana ba. Ranar da abin nan ya fitar da sabuwar saiwa, su zo. Daga yau kuma a tagar ɗakina zai zauna, ni zan riƙa ba shi ruwa. Kada wanda ya taɓa min shi."

Ya rungumi tukunyar ya shige ɗaki, muka ji ya murza makulli.

Na raka Mai Furanni bakin ƙofa, Mama na tsaye a bayana, don haka ban iya tambayarsa komai ba. Yana karya kwana na rubuta masa.

"Sabuwar saiwa kwana nawa take ɗauka?"

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Mama ta sa haɓarta a kafaɗata tana kallon wayar tare da ni.

"In ya ji daɗin wurin, mako uku."

"In bai ji ba fa?"

"Akwai wanda na jira wata goma sha ɗaya."

Mama ta karanta, ta sake karantawa. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta wuce ni, ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba ta ƙwanƙwasa da ladabin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Injiniya? Buɗe mana. Ita shukar, ka tambayo ko tana son a kunna mata fanka?"